Bayanka ya samu rauni a bakin aiki: kada ka ajiye aikin kafin ka rubuta takardar nan

Wasiƙar wannan makon daga jihar New York ta Amurka ta fito. Ga abin da ɗan'uwan ya rubuto, na taƙaita:

"Malam, ina aikin binciken mutuwa a ofishin likitan gawa na wata gunduma, shekara 4 da wata 7 ke nan, albashina dala 58,000 a shekara. Kwana 19 da suka wuce muna sauko da wata gawa daga bene sai na ji bayana ya yi ƙas. Na gaya wa shugaban sashenmu da baki, ban rubuta komai ba. Yanzu ko ruku'u ba na iya yi sosai. Yayana a gida ya ce ishara ce, in bar wannan aikin na taɓa gawa da yake zubar mana da mutunci, in cire kuɗin fanshona a ƙarasa ginin gida, in zo in yi wata bakwai ko takwas a yi mini magani. Wani ɗan garinmu a nan kuma ya ce in ba shi dala 1,500, ya san asibitin da za a rubuta cewa raunin ya fi haka, a ba ni kuɗi a dunƙule. Girin kad ɗina, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, ya shekara 4 da wata 8. Na rasa barci."

Ƙanena, Allah ya ba ka lafiya. Kafin mu taɓa maganar Yaya, ɗauki biro. A jihar New York doka ta ba ka kwana 30 daga ranar da abin ya faru ka sanar da wurin aikinka a rubuce. Ka cinye 19 ranar da ka rubuto mini, kuma wasiƙa ba ta tsayar da agogo. Yau ɗin nan ka tura wa shugaban sashenku imel: rana kaza, ƙarfe kaza, a adireshi kaza, muna ɗauke da gawa a matakala ni da wane, bayana ya samu rauni. Ka sa lambar fayil ɗin gawar, domin littafin ofis zai nuna cewa kana wurin. Ka tura kwafi zuwa imel ɗinka na kanka. Gaskiya ne wani lokaci alƙali yana yafe jinkiri idan an tabbatar shugaba ya san da zancen, amma na ga inda shugaba ya tsaya ya ce shi dai ya tuna an ce masa "baya na ciwo", bai ji an ce a wurin aiki ba. Magana ta baka iska ce.

Bayan haka sai fom C-3 da za ka shigar wa hukumar diyyar ma'aikata ta jihar. Shi wa'adinsa shekara 2 ne, amma kada ka jira. Ka je wurin likitan da hukumar ta amince da shi, kuma tun a teburin karɓar baƙi ka faɗa musu rauni ne na wurin aiki, kada su caji inshorar lafiyarka ta yau da kullum. Magani, hoton baya, gashin ƙashi, har tiyata in ta kama, duk inshorar diyya ce ke biya, ba ka fitar da ko sisi. Idan likita ya ce ba za ka iya aiki gaba ɗaya ba, ana biyan kashi biyu cikin uku na matsakaicin albashin mako. A albashinka mako yana kama dala 1,115, wato kusan dala 743 ke nan, kuma ba a cire masa haraji. Kwana 7 na farko ba a biya, sai idan jinyar ta wuce kwana 14, sannan a koma a biya tun daga ranar farko. Ka nemi wakilin ƙungiyar ƙwadagonku ya buɗe maka yarjejeniyar aikinku, don wasu gundumomin suna cika wa ma'aikaci albashinsa na wani lokaci.

Yanzu ɗan garinku. Ka guje shi kamar yadda ake gudun wuta. A wannan jihar ko lauya mai lasisi ba ya karɓar kuɗi daga hannunka a shari'ar diyya. Hukuma ce take yanke ladansa, a cire daga abin da aka ba ka. To wane ne shi da zai karɓi dala 1,500 tun kafin a buɗe fayil? Abin da yake sayar maka laifi ne. Wanda ya yi ƙarya da gangan don samun diyya, doka ta ba da damar a yanke masa kuɗin albashin da ake biyansa, kuma ana iya gurfanar da shi kan zamba. Kamfanonin inshora suna da masu bibiya da kyamara. Na san wani bawan Allah, direba ne, raunin kafaɗarsa na gaske ne, amma wani ejan ya koya masa ya ce ba ya iya ɗaga hannu sam. Aka ɗauke shi bidiyo yana sauke buhun shinkafa daga but ɗin mota a ƙofar masallaci ranar rabon sadaka. Ya rasa diyyar da tun farko haƙƙinsa ce. Ejan ɗin ya canza lambar waya. Shi ba sunansa a ko takarda ɗaya. Sa hannun direban ne a ƙasan kowane shafi.

Kai kuma abin da za ka rasa ya fi nasa. Ana iya shigar da takardar neman zama ɗan ƙasa, N-400, kwana 90 kafin cikar shekara 5 da girin kad. Wato saura maka wata guda. Hukuncin zamba a wannan gaɓar yana iya rushe neman, har ya taɓa katin kansa. Diyyar gaskiya kuwa ba ta taɓa takardunka da komai, don haƙƙi ne da aikinka ya saya maka.

Kuɗin dunƙule da yake kwaɗaita maka akwai shi a doka, ana kiransa yarjejeniyar Sashe na 32. Amma idan ka amince aka rufe har da ɓangaren magani, ka rufe ke nan. In bayan shekara uku faifan baya ya zame aka ce sai tiyata, daga aljihunka. Ba maganar mako na uku ba ce. Sai likita ya ce jiki ya kai inda zai kai, sannan ka zauna da lauya ku yi lissafi.

Fanshon shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka. Tunda ka shiga aiki bayan 1 ga Afrilu 2012, kana rukuni na 6 na asusun fanshon jiha da ƙananan hukumomi. A da sai ka shekara 10 kafin fansho ya tabbata naka, amma tun Afrilun 2022 an mai da shi shekara 5. Saura maka wata 5. A albashinka ana cire kashi 4.5 cikin ɗari, don haka abin da ka tara bai wuce dala 12,000 zuwa 13,000 ba. Idan ka ajiye aiki ka cire shi, za a riƙe kashi 20 cikin ɗari na haraji tun a bakin ƙofa, ga tarar kashi 10 cikin ɗari tunda ba ka kai shekara 59 da rabi ba. Kason da gunduma take zubawa kuma ba ya biyo ka. Idan kuwa ka cika shekara 5, ko daga nan ka tafi, kana da kusan dala 400 a kowane wata daga shekara 63 har ƙarshen rai, kuma kowace shekarar da ka ƙara tana ɗaga shi. Ga abin da Yaya bai sani ba: wanda bai kai shekara 10 ba yana iya cire kasonsa ko bayan ya cika 5 ɗin. Jira ba ya rufe maka wannan ƙofa, ajiye aiki yanzu ne yake rufe ɗayar. Ka kira asusun fanshon su faɗa maka lissafin shekarunka a wurinsu, don kwanakin hutu marar albashi ba lallai su shiga ba.

Ajiye aiki yana kuma ba wa kamfanin inshora hujjar cewa da kanka ka fita daga kasuwar aiki, su nemi tsayar da kuɗin mako. Alhali ma'aikacin gwamnati na dindindin da ya ji rauni a bakin aiki yana da hutun jinya na aƙalla shekara guda a dokar ma'aikatan jihar, kuma doka ta hana a kore ka don ka nemi diyya. Tafiyar wata takwas kuma tana karya abu biyu lokaci guda. Inshora za ta kira ka ganin likitanta, in ba ka zo ba ta nemi dakatar da biya. Sannan rashin ka a ƙasar fiye da wata 6 yana sa a ɗauka zamanka ya katse, lissafin shekara biyar ɗin ya shiga matsala.

To, maganar Yaya. Zan faɗe ta yadda take, don na ga kai ba za ka iya ba. Shekara huɗu da rabi kuɗin wannan aikin yana shiga gida. Da shi aka biya makarantar yara, da shi aka kai ginin inda ya kai. Ba wanda ya ce kuɗin yana warin gawa. Sai yau da bayanka ya karye aka tuna da mutunci, kuma maganin da aka kawo ya zo tare da buƙatar ka kwashe ajiyar tsufanka. Ban ce Yaya ba ya ƙaunarka ba. Wataƙila tsoro ne ya kama shi, kuma daga nesa fansho yana kama da kuɗin da ke kwance a banza. Amma kai ne za ka tsufa da wannan bayan. Zumunci wajibi ne a kanka gwargwadon iko, bai ce ka tsiyata kanka don a zuba rufi ba.

Aikin naka kuma ba abin kunya ba ne. Kula da mamaci farilla ce ta kifaya. Kai ne kake shiga ɗakin da mutum ya kwana uku ba wanda ya sani, ka rufe masa jiki, ka nemo sunansa, ka buga wa danginsa waya. A jihar da kake, iyali suna da damar ƙin yarda a yanka gawa saboda addini, sai inda akwai larura mai ƙarfi kamar zargin kisa. Iyalan musulmi nawa ne suke tsaye a ƙofar irin ofishinku cikin ruɗewa, suna son a sallami mamacinsu a yi jana'iza kafin rana ta faɗi, ba su san ta ina za su fara ba? Samun irinka a ciki rahama ce gare su. In daga baya ranka ya gaji da aikin ka bar shi, ba laifi. Ka bar shi da ƙafarka, da fanshonka a tabbace.

Rashin barcin nan ma kada ka ɓoye wa likita. In ciwon baya ne, a rubuta. In kuma fuskokin da ka gani ne suke dawo maka da dare, a rubuta shi ma, don tun farkon 2025 jihar ta faɗaɗa damar neman diyya kan ciwon ƙwaƙwalwa da matsanancin damuwar aiki ya jawo, ba ga 'yan sanda da 'yan kwana-kwana kaɗai ba.

Kada ka yi jayayya da Yaya a waya, kuma kada ka yi masa ƙarya. Ka ce: "Yaya, na ji maganarka, na gode. Likita yana duba ni, hukuma ce ke biya, kuma in na fita yanzu zan rasa maganin da takarduna. Ku taya ni da addu'a. Idan na karɓi fasfo zan zo da kaina." Ka kira Hajiya daban ka yi mata bayanin da kanka kafin ya isa gare ta ta bakin wani. Ka kuma sanar da su tun yanzu cewa abin da kake turawa zai ragu na ɗan lokaci, ka faɗi adadin, ka tsaya a kansa. Imel ɗin dai ka tura shi kafin ka ɗaga waya.