Hukuncin Karanta Littattafan Almara da na Ƙagen Kimiyya, da Yi wa Wani Nuni Gare Su

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗaliba ce a jami'a, shekarata 21. Tun ina sakandare nake karanta littattafan almara, na Hausa da na Turanci: na yaƙi, masu aljanu da matsafa da dodanni, da irin waɗanda ake tafiya wasu duniyoyi a kumbo, ko a koma zamanin da ya shuɗe, ko mutum-mutumi ya yi tunani kamar ɗan Adam. Ƙawayena sun san ni da wannan, kowacce ni take tambaya wanne za ta karanta, ni kuma in faɗa mata ra'ayina. Ƙanena ɗan shekara 13 ma ya fara ɗaukar nawa. Kwanan baya kawuna ya ga ɗaya a hannuna, ya ce duk ƙarya ce da tsafi, mai karantawa da mai bayarwa zunubinsu ɗaya. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Malam, mene ne hukuncin karatun, kuma mene ne hukuncin shawarar da nake bayarwa?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yata, Allah Ya yi miki albarka da kika zo tambaya maimakon ki tsaya musu da kawunki. Abu biyu ya ambata, ƙarya da tsafi. A na farko ban bi shi ba. A na biyu kuwa yana da gaskiya fiye da yadda kike zato, sai dai maganar ba kowane littafi ta hau ba.

Ƙaryar da shari'a ta haramta ita ce mutum ya ba da labari saɓanin yadda abu yake, yana so mai sauraro ya ɗauka haka ne. Idan mai faɗa da mai ji duk sun san ƙirƙira ce, babu wanda aka yaudara. Wannan tun a ɗakin kaka muka san shi. Na tuna tamu, Allah Ya jiƙanta, bayan isha'i ta tara mu a tabarma, fitilar a-ci-bal-bal tana ci a gefe, ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," mu amsa "Ta zo mu ji ta." Gizo ya yi wayonsa, Ƙoƙi ta yi nata, Dodo ya haɗiye gari guda. In ta gama ta rufe da "Ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Tsohuwar nan ba ta barin azumin Litinin da Alhamis, kuma ko ƙaramin cikinmu bai taɓa wayar gari ya tafi neman gidan Gizo ba. Buɗewar da rufewar su ne shaidar cewa abin da ke tsakani ba tarihi ba ne. Aikin da kalmar "ƙagaggen labari" take yi a bangon littafi ke nan.

Malamai sun kafa hujja da ƙissar masu husuma biyu da suka haura wa Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Suratu Sad. Ɗayansu ya ce ɗan'uwansa yana da tumaki 99, shi yana da ɗaya tak. Da yawa daga malaman tafsiri sun ce mala'iku ne, ke nan babu tunkiya ko ɗaya a zahiri, misali aka buga. Sannan ga abin da al'umma ta tafi a kansa. Makamatul Hariri, gajerun labarai 50 na Larabci da Hariri mutumin Basra ya rubuta kafin rasuwarsa a shekara ta 516 bayan Hijira, a zaure muka karance ta a gaban malami, kamar yadda ake karanta ta a zaurukan Kano da Sakkwato da Zariya. Abu Zaidi as-Saruji da ke cikinta, mai zaƙin baki da yawan dabara, ƙirƙirarsa aka yi. Malaminmu yakan yi murmushi in an zo kan wata dabararsa, sannan ya tsaya ya warware mana lugga baƙi bayan baƙi, bai taɓa cewa muna karanta ƙarya ba. Hariri da kansa ya kare aikinsa a gabatarwa, ya kwatanta shi da labaran da ake sa wa dabbobi a baki, ya jingina da cewa ayyuka suna tare da niyya. Haka Ibnun Nafis, likita kuma malamin fiƙihun Shafi'iyya da ya rasu a shekara ta 687, ya ƙagi labarin wani mutum da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, don ya tabbatar da annabci da tashin ƙiyama ta hanyar hankali.

To ina hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa azaba ta tabbata ga wanda yake ba da labari ya yi ƙarya don ya ba mutane dariya? Wannan a kan wanda yake faɗar abin a matsayin ya faru ne, ya ce na gani, wane ya yi, wane ya ce. A nan ne kuma za ki fahimci tsananin da wasu magabata suka yi. A cikin Mi'iyar na Wansharisi, babban kundin fatawoyin Malikiyya, akwai fatawar hana sayar da littattafan labarin jaruman Larabawa Antara da Dalhama. Waɗannan ana karanta wa talakawa su ne a matsayin tarihi, an cuɗa sunayen mutanen gaskiya da ƙarya, har mai sauraro ya kasa rabewa. Saboda haka duk littafin da ya ɗauko wani Annabi, ko mala'ika, ko sahabi, ya sa masa magana a baki, ko ya siffanta Allah Maɗaukaki a matsayin ɗaya daga cikin 'yan labari, haramun ne rubuta shi da karanta shi don nishaɗi, komai daɗin salonsa.

Ayar Suratu Luƙman kuwa, mai zargin wanda yake sayen "lahwal hadisi", wato zancen shagala, an ambata cewa ta sauka a kan Nadru ɗan Harisu, wanda ya kwaso labaran Rustum da Isfandiyar na Farisa, yana zama bayan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tashi daga majalisi, yana ce wa Ƙuraishawa labarinsa ya fi daɗi. Ki duba ayar da kyau, dalilin yana cikinta: "don ya ɓatar daga hanyar Allah." Nadru ya kafa labari ne kishiyar Alƙur'ani. Duk ranar da littafi ya zauna a gurbin Alƙur'aninki, ko ya cinye miki dare har asuba ta wuce, ayar ta fara leƙo ki. In kuwa sallarki da karatunki da haƙƙin iyaye suna nan daram, to Annabi ya ce wa sahabinsa Hanzala "wani lokaci da wani lokaci," kamar yadda Muslim ya ruwaito. Rai yana bukatar hutu.

Yanzu maganar tsafi, inda na ce kawunki yana da gaskiya. Ambaton sihiri a labari ba sihiri ba ne. Alƙur'ani ya ba mu labarin matsafan Fir'auna da igiyoyinsu, ya kuma hakaito maganar Fir'auna cewa shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, kuma mai hakaito kafirci ba ya zama kafiri. Abin dubawa shi ne yadda littafin ya ajiye tsafin da kuma ƙasar da mai karatun yake zaune. Yaron da ya tashi a Ingila, in ya karanta labarin sandar da ake kaɗawa haske ya fito, ya rufe littafin, babu wani shago a layinsu da zai je neman sandar. Mu kuwa boka yana bayan gari, yana da lambar waya, wasu har talla suke yi. Shi ya sa a ganina littafin yaƙi na Hausa da jarumarsa ta je wurin boka, aka ce ta kawo baƙin bunsuru da ƙasar kabari, aka kira aljani da sunansa, kuma buƙata ta biya, ya fi hatsari a kan 'ya'yanmu fiye da littafi goma na dodanni masu fukafukai. Dodon kowa ya san babu shi. Bunsurun kuwa ana sayar da shi a kasuwa.

Wani uba ya taɓa zuwa mini da ɗansa bayan la'asar, yaron bai wuce shekara 14 ba, ya sunkuyar da kai. Uban ya miƙo mini takardar da ya tsinta a ƙarƙashin matashinsa. An zana hatimi mai kusurwa da jan biro, an jera wasu sunaye marasa ma'ana a gefe. Na tambayi yaron inda ya samo, ya ce daga littafi ya kwafa, yana so ya gwada ko zai ci jarrabawa. Bai san ya taka bakin abin da Allah Ya ce game da shi a aya ta 102 ta Baƙara, "sai dai shaiɗanu su ne suka kafirta, suna koya wa mutane sihiri." Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Littafin da ya kawo surkulle da yadda ake haɗa shi, ko ya sa mai karatu ya ji cewa boka ne mafita idan hanya ta toshe, ko ya nuna aljani ya san gaibu, alhali aljanu sun ci gaba da wahala ba su san Annabi Sulaimanu ya rasu ba sai da gara ta cinye sandarsa, wannan littafin ki rabu da shi. Wanda kuwa tsafinsa ado ne na wata duniya da babu ita, ba ya koyar da komai da za a iya gwadawa, kuma kina karantawa zuciyarki ba ta karkata, to bai kai haram ba ga baligi mai sanin aƙidarsa.

Na ƙagen kimiyya sun fi sauƙi ta wannan fuska. Hasashen kumbo da wasu duniyoyi da halittun da ba mu sani ba bai ci karo da komai ba. Allah Ya ce a Suratun Nahli, bayan Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, "kuma Yana halittar abin da ba ku sani ba." Mu ma muna da namu tun 1969, lokacin da Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauka yawon sararin samaniya. Irin wannan yana buɗe wa yaro kai, ya sa shi ya ɗaga ido ya dubi taurari ya yi tambaya. Matsalarsu a ɓoye take. Da yawa an gina su a kan duniyar da babu Mahalicci a cikinta, ko mutum ya ci galabar mutuwa, ko na'ura ta sami rai, ko a nuna addini tarko ne da masu mulki suka ɗana. Ba a faɗa miki wannan kai tsaye. Shafi 400 za ki yi kina zaune a cikin duniyar, kina son mutanenta, har ki saba. Maganinsa ki karanta ido a buɗe, kina iya nuna wa kanki wurin da marubucin ya saɓa. In kin ji shubuha ta zauna miki, ki ajiye, ki kai tambayar ga mai ilmi.

Batsa kuwa ba sai na tsawaita ba. Da yawa daga sababbin littattafan almara sun cusa ta a tsakiyar labari. Sa wa masu yin ta fukafukai ko kambun sarauta bai canza hukuncinta ba.

Saura shawara, kuma ita ce ta fi nauyi a cikin tambayarki. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi nuni ga alheri yana da kwatankwacin ladan wanda ya aikata, ya kuma ruwaito cewa wanda ya yi kira zuwa ɓata yana da kwatankwacin zunubin waɗanda suka bi shi. Idan kina karatu ke kaɗai, kin san zuciyarki. Idan kika miƙa wa wata, ba ki san tata ba. Don haka kada ki yaba littafin da ba ki karanta har ƙarshe ba don kin ji ana yabonsa. Kada kuma ki ce "ya yi daɗi" ki yi shiru alhali kin san akwai babin da kika tsallake saboda kunya. Ki faɗa: labarin yana da kyau, amma a wuri kaza akwai kaza. Wadda ta tambaye ki shawara ta ba ki amana ne, kuma hadisi ya zo cewa wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne. Wannan matsayi da ƙawayenki suka ba ki ina so ki riƙe shi, kada ki jefar don tsoro. In kin yi shiru za su tambayi wadda ba ta tace komai.

Ƙanenki ba hukuncinku ɗaya ba. Ɗan shekara 13 bai gama rabe abin da ake gwadawa da wanda ba a gwadawa ba. Kada ki hana shi karatu, domin yaron da ya kama littafi a wannan zamani na waya ni'ima ce. Ki zaɓa masa da hannunki, ki ɗauke masu boka da surkulle daga inda hannunsa zai kai, kuma in ya gama ɗaya ki zaunar da shi ya ba ki labarin, ki tambaye shi wanne ne a ciki zai yiwu, wanne ne Allah kaɗai ke da ikonsa. A amsarsa za ki ji inda yake.

Kawunki kuma kada ki je masa da wannan amsa kamar mai kai sammaci. Ki gaishe shi, ki yi masa godiya, ki gaya masa kin bincika kin fitar da waɗanda bai kamata su zauna a ɗakinki ba, ki kuma fitar da su da gaske kafin ki faɗa. In har ya ga ragowar a hannunki ransa bai so ba, ki daina karanta su a gabansa.

Wallahu a'alam.