Alhaji, kafin ka taɓa jarinka ka sayi mota

Wani ɗan kasuwar hatsi a nan Maraɗi ya aiko da tambaya. Yana sayen aya da wake a kasuwannin ƙauye, Cadawa da Gidan Rumji da kewaye, ya kawo cikin gari. Jarinsa miliyan 9 na sefa ne, yana son ya cire miliyan 6 ya sayi mota, domin kuɗin haya sun ishe shi: a lokacin kaka yakan ɗauko buhu kamar 40 a mako, kowane buhu ana caje shi jika ɗaya, wato sefa dubu. Ƴaƴansa suna son ƙaramar jif irin RAV4, abokinsa ya ce Hilux, wani dillali kuma ya nuna masa wata mai lambar Najeriya da arha. Wacce zai ɗauka?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin mu zo kan wacce, mu zauna da lissafin da kai da kanka ka kawo, don a nan maganar take. Buhu 40 a kan jika ɗaya, jika 40 ke nan a mako. Hilux, in ba a zalunce ta ba, tan ɗaya take ɗauka, wato buhu goma masu kilo 100. Sawu huɗu ke nan. Mu ɗauka kowane sawu, zuwa da dawowa, kilomita 100 ne, kuma da kaya a bayanta tana shan lita 12. A 2024 gwamnati ta sauke litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, mu ce dala ɗari, wato sefa 500. Kowane sawu jika 6, sawu huɗu jika 24. Saura jika 16 a hannunka, kuma ba ka sallami direba da yaron mota ba, ba ka yi juyen mai ba, ba a yi maganar taya da inshora da binyet (harajin mota na shekara) ba. Wata biyar na kaka su wuce, motar ta zauna a ƙofar gida, darajarta tana raguwa. Su kuwa miliyan 6 ɗin nan, da a cikin wake suke, ka saya da kaka ka ajiye zuwa bazara, ka fi ni sanin abin da suke haifarwa.

Don haka da kayanka kaɗai, motar nan ba za ta ciyar da kanta ba. Za ta yi ne in ka mayar da ita sana'a ta biyu: ta tafi ƙauye da siminti ko taki ko kayan ƴan tebur, ta dawo da buhunanka da na maƙwabtanka a kasuwa, kai ma ka karɓi jikar da kake biyan wasu. In ba ka da lokacin bin wannan, ko ba ka da amintaccen da zai riƙe maka ita, ka ci gaba da haya, babu abin kunya a ciki. In kuwa ka shirya, shawarata kada abin da za ka kashe gaba ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na jarinka. Ɗan hatsin da ya shiga kaka da miliyan 3 a madadin 9 ya koma ƙaramin ɗan kasuwa, ko da wace irin mota ya iso kasuwa.

Maganar jif gajera ce. Motar gida ce, ta kai iyali asibiti da biki, amma buhu biyar sun durƙusar da ita. Kuma mutumin da ke yawo da tsabar kuɗi a ƙauyukan bakin iyaka, wajen Madarunfa da Gidan Rumji, inda ƴan bindiga suka addabi jama'a, bai kamata ya shiga abin da ke jan ido ba. Ka ba yara haƙuri, lokacinta zai zo in sha Allahu.

A motar aiki, abin da nake fara tambaya shi ne wa zai gyara ta in ta mutu a Dakoro da la'asar. Toyota ta mamaye hanyoyinmu saboda wannan: tsohuwar Hilux da Hiace, kusan kowane bakanike ya san cikinsu, kayan gyaransu kuma in babu a Maraɗi, a Katsina ko Kano ana samu a kwana ɗaya. Motar da komai nata sai an jona kwamfuta, ko mai injin gazuwal na zamani da ba ya jure gurɓataccen mai, kada arharta ta ruɗe ka, domin a ƙauye man kwalba na ƴan ruwa-ruwa za ka sha, kuma ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba. Ka je wurin masu sayar da kayan mota tun kafin ciniki, ka tambayi kuɗin lagireto da kulocinta da fanfon mai da gilashin gaba. In an ce sai an yi oda daga waje, ka bar ta.

Yanzu ita waccan mai lambar Najeriya. Arhar tana iya zama ta faɗuwar naira, tana iya zama kuma ta abin da ba ka so. Shekaru da yawa motocin Kwatano suna ratsa Maraɗi da takardun wucewa zuwa Najeriya, har Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017. Daga 2023 kuma, da aka rufe iyaka da Benin, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, farashi ya tashi. A irin wannan yanayi takardun bogi suke yawa. Motar da ba a biya mata duwan (kuɗin kwastan) na zama a Nijar ba, ba taka ba ce tukuna, duk ranar da aka tare ta kai za ka biya, har da tara. Ka karɓi takardar duwan da kartagiris (takardar rajistar mota), ka duƙa da kanka ka karanta lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfen motar, haruffa da lambobi 17 a yawancin motoci, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya da na takarda. In ka ga alamar an goge wurin ko an yi walda a kewayensa, ka yi sallama. Sunan da ke kan kartagiris ya zama na mai sayarwa, ko a kawo shi ya sa hannu a gaban shaidu.

Ranar dubawa ka tafi da bakanikenka, wanda kai za ka biya, kada ka yarda da na dillali. Ku je da sassafe, ka ɗora hannu a kan injin ka tabbata da sanyinsa, don mai wayo yakan ɗumama mota kafin mai saye ya iso. A tayar da ita kana tsaye a baya kana kallon salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin tana cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa kuma ruwa ne ke shiga inji. A buɗe murfin baƙin mai, in ka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo a ƙarƙashinsa, mai yiwuwa gasket ɗin kan injin ya ƙone. Ku shiga ƙarƙashinta da fitila. Motocin Turai suna zuwa da tsatsa saboda gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara, kuma sabon baƙin fenti a shasi sau da yawa rufa-rufa ne. Ƴar Amurka kuma mil take ƙirgawa, kowane mil kilomita 1.6 ne, in ka ga 150,000 to ta ci kilomita 240,000. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, akwai waɗanda ambaliya ta cinye a can aka wanke aka turo.

Daga nan ku loda mata buhu goma, ku hau hanyar Ɗan Isa da tsakar rana, idonka a kan allurar zafi. A watan Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40, motar da ta yi lafiya a cikin gari ba kaya tana iya tafasa a nan. Ku sauka daga kwalta ku shiga yashi kaɗan, ku ji ko giyar taimako tana kamawa. Mai motar da ya hana wannan gwaji ya san dalilinsa.

In ta tsallake duk wannan, kada ka miƙa kuɗinka duka. A cikin miliyan 3 da na yanka maka, ka ware kamar jika 500 don taya da batir da juyen mai da sauya suna a takardu, sauran su ne kuɗin ciniki. In ba a samu Hilux mai lafiya a wannan kuɗi ba, ka nemi wani ɗan hatsi da kuka yarda da juna ku haɗa hannu, a rubuta rabon kowa da wanda zai riƙe makulli, ko ka jira bayan ka sayar da waken bazara.