Amsa ga Hajiya: Kayan Sanyin Tafiyar Jirgin Ruwa Zuwa Norwe, da Batun Kuɗi In Tafiya Ta Lalace

Hajiya, barka da wannan arziki, Allah ya yi wa yaron albarka. Kin ce ɗanku da ke Ingila ya biya muku ke da Alhaji tafiyar kwana 12 a jirgin ruwa na shaƙatawa, daga Southampton zuwa arewacin Norwe a watan Fabrairu. Kina tambayar kayan da za ku haɗa tun daga nan Zariya, da kuma ko ana mayar da kuɗi in an soke tafiyar ko an sauya ta.

Kada ku auna sanyin can da hunturunmu. Sanyin Zariya busasshe ne, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, kuma hantsi na yi ya sake ku. Na gaɓar Norwe jiƙaƙƙe ne, ga iska. Bergen gari ne da ake ruwa fiye da rabin kwanakin shekara. A Tromso kuwa Fabrairu yawanci ƙasa da sifiri ake wuni, kuma tsayuwa a saman jirgi da dare don kallon hasken nan mai launi da ke fitowa a sama ta fi tafiya a gari sanyi nesa ba kusa ba, domin mutum a tsaye yake wuri guda iska na dukansa. Amma cikin jirgin da ɗumi kamar ɗaki. Shi ya sa ƙatuwar riga guda ba ta wadatarwa: a ciki ta sa ki gumi, ki fito waje gumin ya huce a jikinki. Hawa uku ake sawa, ana cirewa ana mayarwa.

Hawan farko, wanda ke taɓa fata, shi ya fi muhimmanci, kuma a nan mutanenmu suka fi yin kuskure. Kada ya zama auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe, sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a baya. A nemi riga mai dogon hannu da dogon wando masu kama jiki, na ulu ko foliyesta, a duba ɗan ƙyallen da ke wuya a ga abin da aka rubuta. Saiti uku kowannenku ya isa, tunda ana wankewa a ɗaki su bushe kafin safe. Hawa na biyu suwaita ce ta ulu ko rigar sanyi mai laushin bargo, guda biyu. Na uku jaket mai hula wadda ruwa da iska ba sa ratsa ta, mai ɗan yalwa yadda za ta hau kan sauran. In a gwanjo za ki saya, a Sabon Gari ko Kasuwar Barci ta Kaduna, ki juya cikinta ki duba bayan ɗinki: ta gaske akwai siririn tef da aka manna a kan kowane layin ɗinki. Ki ɗiga ruwan leda a kafaɗa. In ya dunƙule ya gangara, ta yi. In yadin ya yi duhu ya sha, ki ajiye musu kayansu.

Atamfa da shadda da kaftanin Alhaji ba a bar su ba, su ne na cin abincin dare, kuma sun wadatar a daren da ake son kowa ya yi ado. Ranar fita gari dai, doguwar riga mai jan ƙasa za ta kwashi jiƙaƙƙiyar ƙanƙara ta jiƙa miki ƙafa. Ki sa wandon sanyi a ciki, rigar ta tsaya a idon sawu. Hijabi mai faɗi iska na cika shi kamar tanti a saman jirgi, gara ƙarami a cusa shi cikin jaket, hular ulu a ƙarƙashi ta rufe kunnuwa. Alhaji ma zanna ba ta rufe kunne, ya tanadi hular sanyi.

Takalmi ya zama mai rufe idon sawu, wanda ruwa ba ya shiga, ƙasansa roba mai zurfin zane, a ƙara lamba ɗaya saboda safa mai kauri. Takalmin da ya matse yana hana jini gudu, ƙafa ta fi yin sanyi. Safar ulu ƙafa huɗu ko biyar. Akwai wasu ƙananan ƙusoshi a jikin roba da ake ɗaura wa takalmi don santsin ƙanƙara, yaron ya saya muku a can, ga masu shekaru wajibi ne a ganina, amma a cire kafin a shiga jirgi ko shago. Safar hannu biyu: siririya a ciki don riƙe waya, mai kauri a sama. Man kaɗanya na leɓe da fuska. Huffi kuma zai yi muku amfani wajen alwala a ranakun fita. Sanyi yana shanye batirin waya cikin ɗan lokaci, a riƙa ajiye ta a aljihun ciki.

Ga abin da za a ƙwace a bakin shiga: dutsen guga, hita ta dafa ruwa, kyandir, da kasko ko bona na turaren wuta. Gobara ita ce babban abin tsoro a teku, kuma akwai na'urar jin hayaƙi a kowane ɗaki. Humra da turaren fesawa ba laifi. Kilishi, dambun nama da man shanu kuwa tun a filin jirgin sama na Ingila haramun ne shigar da su.

Babbar jaka ana karɓe ta a tasha, sai bayan sa'o'i take isowa ƙofar ɗaki. Don haka fasfo, magunguna, caja, saitin kayan ciki ɗaya da jaket su kasance a hannu. Maganin hawan jini ko suga a ɗauki na ƙarin mako guda, a cikin kwalinsa, da takardar likita. Tekun Arewa, wanda ke tsakanin Ingila da Norwe, yana da hauka a hunturu, a sha maganin jiri kafin jirgi ya fita, ba bayan amai ya fara ba, kuma likitan Alhaji ya duba ko ya dace da sauran magungunansa. Ɗakin da ke tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa ya fi ƙarancin girgiza. Da dare a rataye jaket kusa da ƙofa, magani a aljihunta. Ranar 23 ga Maris 2019 injunan jirgin Viking Sky suka mutu cikin guguwa a Hustadvika, a kan wannan hanyar, aka kwashe mutum fiye da 400 da jirage masu saukar ungulu. Wanda aka kira taron gaggawa da abin da ke jikinsa yake fita.

To, batun kuɗi. Tambayar da ke raba gardama ita ce, daga ɓangaren wa matsalar ta fito?

In kamfani ne ya soke tafiyar kafin tashi, tunda a Ingila aka saya, dokar Ingila ta 2018 kan tafiyar da ake saye a dunƙule da sufuri da masauki ta wajabta masa mayar da kuɗin duka cikin kwana 14. Haka in ya yi babban sauyi, kamar ya cire arewacin Norwe gaba ɗaya, ko ya ƙara farashi fiye da kashi 8 cikin 100: kuna da zaɓin karɓa ko a ba ku kuɗinku. Sau da yawa za su fara miƙo takardar bashin wata tafiya nan gaba, har da ɗan ƙari a kai. Yaron kada ya yi saurin danna amincewa. Takardar tana da wa'adi, ku kuma sai kun sake neman biza da tikiti kafin ku ci moriyarta. Ya rubuta musu cewa kuɗi yake so, kuma katin da ya biya shi kuɗin zai koma. Diyya a kan kuɗin tafiya kuwa sai in laifin kamfani ne. In guguwa ce ko wani abin da ya fi ƙarfin kowa, kuɗinku kawai za a mayar.

In an riga an tashi, iska ta hana jirgi shiga wata tasha, nan mutane suka fi jin ciwo, domin sharuɗɗan tikiti sun ba kyaftin ikon sauya hanya saboda tsaro. Abin da aka saba mayarwa shi ne kuɗin yawon garin da aka saya ta hannun jirgi, wani lokaci da harajin tashar. Yawon da kuka biya wani daban a gari, tsakaninku da shi ne, don haka a zaɓi mai yarda a fasa kyauta. Rashin ganin hasken sama ma ba ya jawo diyya, sai in kamfanin ya rubuta alkawari a kai. Amma in inji ya lalace aka katse tafiya, ko aka rasa babban kaso na abin da aka saya, kuna da haƙƙin ragin kuɗi daidai da abin da kuka rasa, kuma mayar da ku inda aka ɗauko ku nauyinsu ne.

Za ki ji ana cewa dokar Turai mai lamba 1177/2010 tana biyan kashi 25 ko 50 na tikiti in an yi jinkiri. Gaskiya ne, amma na jiragen fito ne, an cire jiragen shaƙatawa daga wannan sashe. Abin da ta ba ku shi ne sanarwa, abinci in jinkirin tashi ya wuce minti 90, da masauki har dare uku, a dokar Turai har zuwa Yuro 80 kowane dare, shi ma masaukin ba ya wajaba in mugun yanayi ne sanadi. Ingila ta ci gaba da aiki da ita bayan ficewarta daga Tarayyar Turai. Ƙorafi a ƙarƙashinta cikin wata biyu ake shigarwa.

In jaka ta lalace a hannun ma'aikatan jirgi, a kai rahoto a rubuce kafin a bar tasha. Ɓarnar da ba a gani nan take ba, kwana 15 ne wa'adinta a Yarjejeniyar Atens, ta ƙasa da ƙasa kan fasinjojin teku da kayansu. Zinare da kuɗi ba sa cikin abin da ake biya sai in an damƙa wa jirgi ajiyarsu, don haka sarƙoƙin su zauna a gida.

Inda kuɗi ya fi salwanta ga ɗan Najeriya shi ne ɓangarenmu, kuma a nan babu dokar da ke ceto. Bizar Ingila ba ta shiga Norwe. Norwe tana cikin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, sai an nemi bizarta daban, a roƙi mai shiga da yawa, wadda aka buga wa MULT. In babu ita, a Southampton za a hana ku hawa ko da kun ce ba za ku sauka a ko'ina ba, kuma ba a mayar da ko kwabo. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan dawowa. Sannan Fabrairu lokacin hazo ne, jiragen Kano da Kaduna da Abuja suna makara ko a soke su. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Ku isa Ingila kwana biyu ko uku kafin ranar tashi.

Inshorar da ake nuna wa ofishin biza, mai Yuro 30,000, ta jinya ce, yawanci ba ta biyan fasa tafiya. A sayi wadda ta ambaci tafiyar jirgin ruwa ƙarara: fasawa saboda rashin lafiya, rasa jirgi, tsallake tasha, kwashe mara lafiya daga teku. A saye ta tun yanzu, domin kuɗin da kamfani ke yankewa in ku kuka fasa yana ƙaruwa har ya cinye duka in rana ta matso. A faɗi hawan jini da suga a fom, ɓoye su yana ɓata inshorar gaba ɗaya, ga shi likitan jirgi kuɗi yake karɓa. Yaron ya tabbatar inshorar tana karɓar mazauna Najeriya, da yawa daga na Ingila na mazauna can ne kaɗai. In da katin bashi na Ingila ya biya, sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta Ingila ta 1974 ya ɗora wa bankin alhaki tare da kamfani a cinikin da ya haura fam 100 zuwa 30,000.

Duk abin da ya faru a jirgi, ku je teburin kula da baƙi a ranar, ku nemi a rubuta, a ba ku lambar ƙorafi. Wasiƙar kyaftin da ake turowa ɗaki in an sauya hanya, a ɗauki hotonta a adana, ita kamfanin inshora zai fara tambaya, tare da rasit na otal, mota da abinci.