Ɗan Kwikwiyon Gadi: Kukan Dare, Yawan Barci Da Ƙafafun Da Suka Ƙi Miƙewa

Tun da girbi ya kankama tambayoyi a kan kare suka yawaita. Mai rumbu da mai garken awaki da mai kaji duk suna neman mai gadi, ga shi kuma ɗan kwikwiyo ya fi babban kare sauƙin samu da saurin sabo. Malamai sun bayyana halascin ajiye kare don gadin gona ko kiwo ko farauta, saura haƙƙinsa da ya hau kanka ranar da ka kawo shi gida. Na ware tambayoyin da suka shafi barci da tafiya, domin ta nan ciwon kwikwiyo yake fara bayyana.

Wani manomi daga yankin Funtuwa ya ce an ba shi kwikwiyo da bai wuce wata ɗaya ba, kullum dare kuka yake yi har asuba, maƙwabta sun fara magana, yara kuma sun ce a kai shi can bayan gida a rufe.

Malam, an raba shi da uwarsa da wuri. Kwikwiyo yakan buɗe ido ne tsakanin kwana 10 zuwa 14, ya fara takawa wajen mako 3, kuma bai kamata a ɗauke shi daga uwa ba sai ya cika mako 8. Idan karyar tana kusa kuma mai ita zai yarda, mayar da shi ya ƙarasa. Idan hakan ba zai yiwu ba, to ka san abu huɗu ne suke sa shi kuka: sanyi, yunwa, fitsari da kaɗaici. Da 'yan'uwansa yake kwana a cunkushe, ɗumin jikinsu yake sha, sai ga shi kwatsam shi kaɗai a kan siminti cikin hunturu. Nemo kwali mai ɗan zurfi, ka shimfiɗa buhun algarara ko tsohon zane, ka ɗura ruwan ɗumi a roba ka naɗe da tsumma ka ajiye a gefe guda, yadda zai iya matsowa ko ya ja baya. Kada a sa masa kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. A ajiye kwalin a zaure ko rumfa inda zai riƙa jin motsin mutane, kai shi nesa ƙara kukan zai yi. A wannan shekarun sau 4 yake cin abinci a rana, na ƙarshe bayan isha'i, sannan a fitar da shi ya yi fitsari kafin a kwanta. Mararsa ba ta riƙe fitsari fiye da awa 2 zuwa 3, don haka dole wani ya riƙa tashi cikin dare ya fitar da shi, ba wasa ba hira, ya gama a mayar da shi. Yawanci cikin mako guda kukan yake lafawa. Duka ba ya hana wannan kuka, sai dai ya ba ka kare matsoraci, matsoracin kare kuwa shi ne mai cizon yara.

Wata Hajiya mai kiwon kaji a Zariya ta ce nata ɗan wata 2 ne, yini yake barci, wani lokaci ƙafafunsa na karkarwa yana cikin barcin. Tana tambaya ko rashin lafiya ne, ko kuwa malalaci aka ba ta.

Hajiya, kwikwiyon wata 2 yakan yi barcin awa 18 zuwa 20 a kowace rana, kuma a cikin barcin nan yake girma. Karkarwar ƙafa da ɗan gunaguni cikin barci ba komai ba ne. A hana yara tashinsa don wasa, wanda ba a bari ya yi barci shi ne yake zama mai yawan cizo da rigima.

Abin lura shi ne yadda yake in ya farka. Mai lafiya zai yi miƙa, ya nufi kwanon abinci da gudu, ya yi wasa na ɗan lokaci, ya sake zubewa. Wanda aka tashe shi ya ɗaga kai da ƙyar, ya sunsuni abinci ya kau da kai, wannan ba barci yake ba, ƙarfi ne ya ƙare. Ki ɗaga leɓensa na sama ki dubi dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne mai danshi, in kin danna da yatsa zai yi fari, jan ya dawo kafin daƙiƙa 2. In kin ga dasashin fari fat, jininsa ake sha. Masu shan kuwa a ƙauyukanmu sanannu ne: tsutsar ciki, kaska da ƙuma. Akwai tsutsar da kwikwiyo yake ɗauka tun yana cikin uwarsa, akwai wadda yake sha a nono, shi ya sa za ki ga ɗan ƙaramin abu da tulun ciki, haƙarƙari a waje, gashi a hargitse. Ana ba da maganin tsutsa a mako 2, 4, 6 da 8, sannan duk wata har ya kai wata 6. Maganin ruwa na firantel shi aka fi ba ƙanana, kuma da nauyin jiki ake auna shi, saboda haka a ɗora shi a sikelin da kike auna abincin kaji kafin a je wajen likitan dabbobi. Wannan tsutsa tana kama yara masu wasa da ƙasa, don haka a riƙa kwashe kashinsa kullum ana binnewa.

In kuma kwanciyar ta zo da amai da zawo mai jini mai mugun wari, cutar fabo nake tsoro. Tana iya kashe kwikwiyo cikin kwana biyu ko uku saboda ruwan jikinsa da yake tsiyayewa, ƙarin ruwa a asibitin dabbobi ne yake ceton su, ba jiƙo ba. Ƙwayar cutar takan yi watanni a ƙasa, shi ya sa gidan da kwikwiyo ya mutu da ita, in aka kawo wani ba rigakafi shi ma yakan bi. A wanke wurin da bilic, kashi 1 a cikin kashi 30 na ruwa, a ƙone shimfiɗar. Allurar rigakafinta ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16, kuma allurar takan haɗa da ta distempa. Ita distempa alamarta kwantsa da majina da tari, daga baya tsokar fuska ko ta ƙafa ta riƙa harbawa ko da idonsa biyu. Bambancinta da karkarwar barci ke nan: ta barci tana tsayawa da zarar ya farka.

Tambaya ta uku daga wani mai noman rani a Kadawa take. Kwikwiyonsa ɗan wata 3 ne, jinsin manyan karnukan Turawa, ƙafafun gaba sun fara lanƙwashewa, yana tafiya a kan wuyan ƙafa, in an ɗauke shi sai ihu. Abincinsa ragowar tuwo da koko, wani lokaci guntun nama.

Malam, amsar tana cikin kwanon. Ƙashin kwikwiyo yana tsawo ne da sauri a watannin farko, kuma da sinadarin kalshiyam ake gina shi. Tuwon dawa ko na masara ba shi da wannan sinadari sai ɗan kaɗan, tsokar nama zalla ma haka. In jiki bai samu a abinci ba, sai ya riƙa zara daga ƙashi yana kai wa jini, ƙashin ya yi laushi, ya lanƙwashe ƙarƙashin nauyin jiki, har ya iya karyewa daga ɗan tsalle a kan dakali. Ihun da yake yi in an ɗauke shi ciwo ne na gaske, kada a ɗauka shagwaɓa ce. Karen gida yakan ɗan jure wannan abinci saboda girmansa a hankali yake, amma irin naka da zai ninka nauyinsa cikin 'yan makonni ba ya jurewa.

In da hali, a saya masa abincin kwikwiyo na buhu wanda aka rubuta na ƙanana ne, ko da na watannin nan na farko kaɗai. In babu hali, a gyara na gida: a daka ƙananan busassun kifi da ƙayarsu su yi laushi a zuba a tuwon, a ƙara dafaffen ƙwai, ɗan dafaffen wake da aka murje, da ɗan yankin hanta sau ɗaya ko biyu a mako. Sau 3 a rana har wata 6. Wasu za su ce a shanya shi a rana ƙashi zai yi ƙwari. Hantsi yana da daɗi gare shi, amma fatar kare ba ta sarrafa hasken rana ta samar da bitamin D yadda ta mutum take yi, a ƙwai da kifi da hanta yake samu. Kada kuma ka je kemis ka sayo ƙwayar kalshiyam ta mutane ka riƙa ɗura masa, yawansa yana ɓata gaɓoɓin manyan karnuka kamar yadda rashinsa yake yi. Likita ne zai auna. Miyar da aka cika wa albasa da tafarnuwa ba tasa ba ce, suna lalata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soki hanji.

Dubi inda yake yini. Tayil da siminti mai santsi suna sa ƙafafu su riƙa baɗewa, wuyan ƙafa ya saki. A mayar da shi kan ƙasa mai tsabta ko a shimfiɗa buhu, a hana shi tsalle da hawa matakala na wasu makonni. Na ce mai tsabta da gangan: ƙasar da fitsari ko kashi ya ɓata a inuwa nan wani ƙuda yake yin ƙwai, tsutsarsa ta shige fatar ciki ko tsakanin yatsu, ka ga ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, kwikwiyo ya kasa barci ya kama ɗingishi. In an toshe ramin da man basilin tsutsar takan leƙo, a matse ta a hankali ta fito ɗungurungum. Idan aka gyara abinci da wuri, ƙafafun da yawa sukan miƙe da kansu. Wanda ya ƙi taka ƙafa ɗaya sam, ko ta kumbura, a kai shi a duba karaya, kuma kada a ba shi farasitamol ko ibufurofen ko dikulofenak, suna ɓata hanta da ƙoda da cikin kare.

Wani makiyayi daga Dambatta ya rubuto cikin gaggawa: ya yi wa tumaki allurar ibamektin, ya ɗan tsikara wa kwikwiyo saboda kaska, yanzu yana tangaɗi, yawu na dalala, kamar ba ya gani.

Maganin ya yi masa yawa. An haɗa shi ne don dabba mai nauyin buhu, abin da ka ga ɗan kaɗan ne a sirinji ya ninka abin da kwikwiyo mai kilo 2 ko 3 zai ɗauka. Ka kai shi asibitin dabbobi yau, ka tafi da kwalbar. A hanya a lulluɓe shi, a kwantar da shi a gefe, kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. In yana iya lasa, a shafa masa ɗan zuma a dasashi. Haka maganin feshin gona da na wankan shanu da ota-fiya-fiya suke yi in an shafa wa kwikwiyo don kashe ƙuma. In wannan ne ya faru, a sa safar hannu a wanke shi da sabulu da ruwa mai ɗumi kafin a kama hanya.

Akwai tangaɗin da ba a taɓa shi da hannu. Kwikwiyon da ba a san asalinsa ba, ko wanda baƙon kare ya taɓa cizo, in halinsa ya sauya, ƙafafun baya suka mutu, muƙamuƙi ya saki baki a buɗe, a ɗauka haukan kare ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Ba kowane mahaukacin kare ne yake bin mutane da gudu ba, wani shiru yake yi, mutane su zaci ƙashi ne ya maƙale masa su zura hannu. A rufe shi, a kira jami'in dabbobi. Wanda karen ya ciza ko ya yaƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Allurar rigakafin wannan cuta ana yi wa kwikwiyo a wata 3, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta a nan gida.

Na ƙarshe wani matashin mafarauci ne daga Ningi, yana so ya fara fita daji da kwikwiyo ɗan wata 3, amma da an sa masa igiya sai ya turje ya zauna.

Ɗan'uwa, ka yi haƙuri da daji tukuna. Ƙashinsa ba ya gama ƙwari sai ya kusa shekara, doguwar tafiya yanzu gaɓoɓinsa za ta ci, kuma kafin ya gama allurai duk inda karnuka suke kashi haɗari ne gare shi. Igiya kuwa a tsakar gida ake koyon ta. Ɗaura masa abin wuya mai laushi, yadda yatsunka biyu za su shiga, ka bar shi da shi kwana biyu. Sannan ka ɗaura igiya mara nauyi ya riƙa ja da kansa kana kallo. Ranar da ka riƙe, kada ka ja: ka tsuguna, ka kira sunansa, ya zo ka ba shi ɗan guntun kifi. Minti 5 zuwa 10 sau biyu a rana ya isa, da safe ko da la'asar sakaliya. In ya zauna a hanya, ɗaga ƙafafunsa ka duba tsakanin yatsu, sau da yawa ƙarangiya ce ko tsidau. Lokacin bazara kuma ka ɗora bayan hannunka a ƙasa kafin ku fita, in ba za ka iya barin sa a wurin ba, a jira rana ta yi sanyi.