Kik ɗin 504 da ke yin "ƙas" sau ɗaya ya yi shiru

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na saurari muryarka. Ka ce Peugeot 504 ɗin Baba in ka murɗa makulli sai ta yi ƙas sau ɗaya ta yi shiru, musamman in inji ya ɗau zafi, kana tambayar inda za ka samu sabon kik, wato na'urar da ke juya inji don mota ta tashi. To ni abin da na ji kana tambaya shi ne, kik ɗin ya mutu ko bai mutu ba. Don Allah kada ka bari kowa ya kwance shi tukuna.

Kunna fitilun gaba, ka tsayar da yaro yana kallo, sannan ka murɗa. In hasken ya dushe kamar zai mutu, duba batir da kawunansa, wannan farin garin da ke taruwa a kai ya isa ya hana mota tashi. Lafiyayyen batir a ajiye volt 12.6 yake nunawa a mita, lokacin tayarwa kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In ƙaƙaƙaƙa kake ji da sauri-sauri, wutar ce ba ta isa, wannan ba musu. Amma kai sau ɗaya ka ce, ko? To in fitila ko gezau ba ta yi ba, ni wayar as nake zargi, wannan mai kauri da ta haɗa inji da bodi. Kik yana jan wuta sama da amfiya 100, kuma ta nan take komawa. Motar da tun 1975 aka fara haɗa irinta a Kaduna, ka san wayar nan ta sha tsatsa da baƙin mai. Ɗauki wayar jamfa, wadda ake jona batir da batir da ita, ka maƙala a nagetif ɗin batir, ɗaya bakin a jikin inji inda ƙarfe yake tas. In ta tashi, magana ta ƙare. Har ka taɓa wayar totur bayan an murɗa, in ka ji ta yi ɗumi, wuta ce ta rasa hanya ta bi ta nan.

A'a, tsaya, kafin wannan ma, akwai siririyar wayar da ke zuwa sulonoid, wato ɗan abin da ke jikin kik yana jona masa wutar batir, daga makulli. Tsohon makulli yana cinye wuta a hanya, shi ya sa in an yi zafi sulonoid ke kasa ja da ƙarfi. Mai riwaya ya haɗa babban kan sulonoid da ƙaramin da sukuddireba, amma giya a firi, a ja birkin hannu, kada mota ta taka mutum. In ta juya garau, rile kawai za a saka mata, wato ɗan makunnin da zai kai wa sulonoid wutar batir kai tsaye.

Abin da ya sa nake ta nanata kada a kwance, wallahi abin da wani mai riwaya ya yi min har yau yana ci min rai. Kik na asali, mai nauyi, in ka ɗaga sai ka ji a kafaɗa. Ya ce ya ƙone, ya kawo min wani mara nauyi yana ƙyalli, ya riƙe nawa wai ba shi da amfani. Da damina ta shigo sabon ya fara kuka. Na koma, kwatsam na hango nawa a kan bencinsa, an wanke shi da fetur, an sa masa sabon burushi, yana jiran mai saye! Burushi fa kawai, Alhaji! Na yi magana ya ce ai irinsu da yawa. Kuma alamar da na yi masa da fenti tana nan a gindi. Ai tun ranar... a bar maganar dai.

In as da makulli duk lafiya, a ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da ƙotar guduma yayin da kake murɗawa. In ya tashi, galibi burushi ne ya cinye, wato ɗan gawayin da ke kai wuta a cikin kik. A hankali fa, ba duka ba. Sannan a cire nagetif, a kwance shi, a buɗe a gabanka, a duba burushi da bushin da tagullar cikin sulonoid. Kuma ka daina riƙe makulli fiye da sakan 10, kana dafa amaca ne, wato abin da ke juyawa a cikin kik. Turo min muryar ƙarar da fitila a kunne in ji.