Koyar da wasan kwaikwayo a Madrid alhali Sifaniyancinka bai nuna ba

Ɗan'uwa, na fahimci damuwarka: kana Madrid da bizar karatu, kana son buɗe ajin wasan kwaikwayo, amma harshen bai zauna a bakinka ba tukuna.

Ni ma a unguwar Lavapiés ta Madrid na fara, da ɗalibai bakwai a wani ɗaki na aro. Ranar farko na yi ta zuba bayani, har na ga wata dattijuwa ta tsura mini ido ba ta gane komai ba. Daga nan na koma salon Augusto Boal, masanin wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Brazil, wato a yi siffa da jiki ba tare da magana ba. Mutum ya tsaya kamar gunki, sauran su faɗi abin da suka gani. Harshen zai zo da kansa a cikin aikin. Sannan kada ka raina abin da ka zo da shi daga gida. Na koya musu tashe, kiɗa da amshi, nan take ɗakin ya ɗau zafi.

Inda mutanenmu ke yin kuskure shi ne takardu. Tun 2022 mai bizar karatun gaba da sakandare na iya aiki har awa 30 a mako, amma karɓar kuɗi da sunanka na buƙatar rajistar “autónomo”, wato mai sana'ar kansa. In kuma yara za ka koyar, dole sai da takardar shaidar rashin laifin lalata daga Ma'aikatar Shari'a. Kafin ka karɓi ko yuro ɗaya, ka zauna da “gestor” (mai taimaka wa mutane da takardun hukuma da haraji) ko lauyan shige da fice ya duba katinka na zama a ƙasar.