Zan sa 'yan haya a gidana: in wani ya ji rauni, wa zai biya?

Ɗan'uwa, ka ce za ka ba da hayar ɗakuna 2 a gidan da kake zaune, kana tambaya ko alhaki zai hau kanka idan wani abu ya sami ɗan haya. Eh, zai iya hawa. Idan wayar lantarki da ka san ta lalace ta ja wani, ko katangar da ka ga ta tsage ta faɗa wa yaronsa, ko rijiya marar murfi ta ci ɗan baƙonsa, kotu na iya sa ka biya diyya saboda sakaci. "Ƙaddara ce" ba ta wanke wanda aka gaya wa ya gyara ya ƙi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba: sashe na 65 na Dokar Inshora ta Najeriya ta 2003 ya saka gidan da ɗan haya ke ciki a jerin gine-ginen da dole a yi wa inshorar gobara, rushewa da ambaliya, har da diyyar wanda ya ji rauni ko ya rasu. Sabuwar dokar inshora ta 2025 da ta maye gurbinta ba ta janye wannan sharaɗin ba. In inshora ce ba ta kwanta maka a rai ba, akwai takaful, wato inshora irin ta Musulunci, kuma NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ce ke ba kamfanonin takaful lasisi. Amma ka faɗa musu ƙarara cewa akwai 'yan haya, don ɓoye wannan kaɗai ya isa a hana ka kuɗi ranar da abu ya faru.

Kai da ɗan hayar ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu. In kuka saɓa, don Allah kada ka cire ƙofa ko ka watsa masa kaya waje. Ka ba shi notis a rubuce, sauran ka bar wa kotu.